Yadda Ake Kafa Hujja a Lissafi ta Hanyar Juyin Korewa

Ga wata magana da kusan kowa zai amince da ita nan take: idan aka ninka lamba da kanta aka samu cika, to ita ma lambar cika ce. Cika dai ita ce lambar da ke rabuwa gida biyu ba saura, irin su 2, 4, 6. Mara kuwa ita ce mai barin ɗaya, irin su 1, 3, 5. Jarraba ka gani: 36 cika ce, kuma 6 aka ninka da 6. Haka 100, daga 10 ta fito. Sai dai a lissafi misali ba ya zama hujja ko da ka kawo dubu, domin lambobi ba su da iyaka, kuma ba ka san abin da ke jiranka a ta dubu da ɗaya ba.

To mu nemi hujjar kai tsaye. A kira lambar n. An ce n², wato n da aka ninka da kanta, cika ce, ke nan n² = 2k, inda k wata lambar ƙirga ce. Yanzu ta yaya za ka ciro n daga nan? Iyakar abin da za ka iya rubutawa shi ne n = √(2k), wato lambar da in aka ninka ta da kanta za a samu 2k, daga nan kuma sai alƙalami ya tsaya. Na sha ganin ɗalibi ya cika shafi guda yana jujjuya wannan √(2k), ya goge, ya sake, har takardar ta yi baƙi, alhali ba ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza ba. Ya kama maganar ne ta gefen da ba ta da mariƙi.

Akwai ɗaya gefen, kuma shi wannan jagora za ta koya maka kamawa. A littattafan jami'a ana kiran dabarar kontirafositif. Malaman mantiƙi kuma sun daɗe da saninta da sunan aksun naƙidi. Ni zan kira ta juyin korewa, saboda abu biyu ake yi wa magana a lokaci ɗaya: a juya ta, a kuma kore kowane ɓangare nata.

Magana ɗaya, fuska huɗu

Yawancin maganganun lissafi suna da siffar "idan kaza, to kaza". Ɓangaren farko shi ne sharaɗi, na biyu sakamako. Bari mu ajiye lambobi tukuna mu ɗauki abin da ba mai musu a kai: idan mutum yana Kano, to yana Najeriya.

In ka juya ta kawai, sai ta koma: idan mutum yana Najeriya, to yana Kano. Wannan ƙarya ce, mutumin da ke zaune a Sakkwato ya isa shaida. In ka kore ta kawai ba ka juya ba, sai ta koma: idan mutum ba ya Kano, to ba ya Najeriya. Ita ma ƙarya ce, kuma Basakkwacen nan ne dai ya sake rushe ta. Amma in ka haɗa biyun, ka juya kuma ka kore, ga abin da za ka samu: idan mutum ba ya Najeriya, to ba ya Kano. Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Wanda ke Damagaram ko Kumasi ba zai taɓa kasancewa a Kano a wannan lokacin ba.

Wannan ta ƙarshe ita ce juyin korewa. Ita da maganar asali Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: in ɗaya ta tabbata ɗayar ta tabbata, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta faɗi.

Kada ka karɓi wannan don na faɗa. Ga dalilin. A kira sharaɗi P, sakamako kuma Q. Ka tambayi kanka, me zai ƙaryata "idan P, to Q"? Abu ɗaya ne tak: a samu wurin da P ta tabbata amma Q ba ta tabbata ba. To me zai ƙaryata "idan babu Q, to babu P"? A samu wurin da babu Q amma ga P. Ka ga ai abu ɗaya ne aka faɗa sau biyu. Maganganu biyu da abin da ke karya su ɗaya ne, tare suke tsayawa, tare suke faɗuwa.

Ka ɗauka kai ne mai tsaron ɗakin jarrabawa, dokar kuma ita ce duk wanda ke cikin ɗakin yana da katin shaida. Ga mutum huɗu. Na farko ka san yana ciki, na biyu ka san yana waje, na uku ka san yana da kati, na huɗu ka san ba shi da kati. Su wa za ka bincika don ka tabbatar ba a karya doka ba? Na farko dole ka ga katinsa. Na biyu babu ruwanka da shi. Na uku ma haka, mai kati ko yana ciki ko yana gindin bishiya bai saɓa wa kowa ba. Na huɗun nan shi ne wanda dole ka san inda yake, domin in yana ciki doka ta karye. Binciken na farko shi ne maganar asali, binciken na huɗu shi ne juyin korewarta. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, ya yi irin wannan gwaji da katuna huɗu masu haruffa da lambobi a 1966, kuma mutane kaɗan ne suka tuna da katin da ke matsayin mutum na huɗu. Saboda haka in abin ya yi maka bambaraƙwai da farko, ba kai kaɗai ba ne.

Mataki na farko: ware sharaɗi da sakamako

Rubuta su a layi biyu, kowanne da kansa. Ba kullum maganar ke zuwa da "idan" da "to" a fili ba. In aka ce "duk lambar da ninkinta da kanta cika ne, cika ce", kai za ka mayar da ita: sharaɗi, n² cika ce, sakamako, n cika ce. Ka kuma rubuta a gefe wane irin lambobi ake magana a kansu. A nan lambobin ƙirga ne, 1, 2, 3 zuwa sama. Wannan bayani ba a kore shi, ba a juya shi, yana nan daram daga farko har ƙarshe.

Mataki na biyu: duba wane gefe ne ke ba ka abin riƙewa

Juyin korewa ba a kowane wuri yake da amfani ba. In sharaɗin da aka ba ka mai sauƙi ne, ka bi hanya kai tsaye ka huta. Abin da nake dubawa shi ne: wanne ya fi sauƙin rubutawa da haruffa, sharaɗin, ko kishiyar sakamakon? A misalinmu sharaɗin yana magana a kan n², sakamakon yana magana a kan n. Daga n zuwa n² ninkawa ce kawai, kamar gangara. Daga n² zuwa n kuwa hawan dutse ne. Duk inda ka ga sharaɗi a cukurkuɗe, sakamako kuma a sauƙaƙe, to ka yi tunanin juyawa.

Wata alamar ita ce sakamako mai ɗauke da "ba" ko "ko". In aka ce ka nuna abu kaza ba ya rabuwa, ko ka nuna ɗayan biyu ya faru, sau da yawa korewarsa ce ke ba ka tsayayyen abu a hannu.

Mataki na uku: kore kowane ɓangare daidai

A nan ne mafi yawan maki ke zubewa, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Korewar magana ita ce abin da ke tabbata a duk inda maganar ba ta tabbata ba, ba tare da an bar ko kusurwa ɗaya a waje ba.

Korewar "n cika ce" mai sauƙi ce, "n mara ce", tunda lambar ƙirga ba ta da gida na uku. Amma korewar "x ta fi 50" ba ita ce "x ba ta kai 50 ba". Ina ka bar 50 ɗin kanta? Korewar daidai ita ce "x ba ta wuce 50 ba", wato ko dai ƙasa da 50 ko 50 cif. Wannan ɗan gurbi shi ke rusa hujjoji da yawa da suka yi kyau a ido.

Sai batun "da" da "ko". In ka kore magana mai "ko", sai ta koma mai "da", in kuma ka kore mai "da", sai ta koma mai "ko". Ana jingina wannan ƙa'ida ga Augustus De Morgan, masanin lissafi na Ingila da ya rasu a 1871, amma duk mai awo a kasuwa yana aiki da ita. An ɗora buhu biyu a sikeli tare, nauyinsu ya kai kilo 100. Maganar ita ce: to na farko ya kai kilo 50, ko na biyu ya kai kilo 50. Ta kai tsaye ba ka san wanne za ka nuna ba, domin babu wanda ya gaya maka wanne ya fi nauyi. Kore sakamakon: na farko bai kai 50 ba, kuma na biyu bai kai 50 ba. Yanzu kana da abu biyu a hannu maimakon babu. Tara su: jimlar ba ta kai 100 ba. Wannan kuwa shi ne korewar sharaɗin. Hujja ta kammala a layi biyu.

Ka lura da "kuma" ɗin nan. Da ka rubuta "na farko bai kai 50 ba, ko na biyu bai kai 50 ba", da ka ɗauko wata magana dabam wadda ba ta tabbatuwa, domin buhu mai kilo 10 da mai kilo 95 sun cika wannan, kuma jimlarsu ta haura 100.

Haka "duk" da "akwai". Korewar "duk ɗaliban ajin sun zo" ba ita ce "babu wanda ya zo" ba. Ita ce "akwai aƙalla ɗaya da bai zo ba". Korewar "akwai" kuma ita ce "babu ko ɗaya". Ga inda wannan ke aiki: idan mutanen da ke zaure sun kai 13, to akwai biyu a cikinsu da aka haifa a wata mai suna ɗaya. Kore sakamakon: babu wasu biyu da suka haɗa wata. Ke nan kowane wata mutum ɗaya ne a cikinsa ko babu kowa. Watanni kuwa 12 ne, ko ta lissafin Hijira ko ta na Miladiyya, don haka mutanen ba su wuce 12 ba. Ba ka tambayi kowa ranar haihuwarsa ba, amma ka tabbatar.

Shawarata ita ce, kafin ka ci gaba, ka karanta korewar da ka rubuta da babbar murya, sannan ka nemi wata lamba da ba ta shiga maganar asali ba kuma ba ta shiga korewar ba. In ka samu, korewarka ta yi yoyo.

Mataki na huɗu: kafa hujjar kai tsaye, ka kuma sanar da mai karatu

Da zarar ka rubuta sabuwar maganar, dabarar ta gama aikinta. Abin da ya rage hujja ce ta yau da kullum: ka fara daga korewar sakamako, ka bi a hankali har ka isa korewar sharaɗi. Ga yadda nake so ɗalibi ya rubuta misalinmu na farko.

Za mu tabbatar da juyin korewar maganar, wato: idan n mara ce, to n² mara ce. A ɗauka n mara ce. Ke nan n = 2k + 1, inda k lambar ƙirga ce ko sifili. Sai n² = (2k + 1)² = 4k² + 4k + 1 = 2(2k² + 2k) + 1. Wannan ninkin biyu ne da ɗaya a kai, don haka n² mara ce. Tunda juyin korewar ya tabbata, maganar asali ta tabbata: idan n² cika ce, to n cika ce.

Shi ke nan. Abin da ya ci shafi guda ya ƙare a layi huɗu. Jimlar farko da ta ƙarshe kada ka yar da su don gaggawa. Mai duba takardarka in ya ga ka fara da "a ɗauka n mara ce" ba tare da bayani ba, zai iya zaton ka karanta tambayar a karkace.

Yanzu mu ɗaga kaɗan. Idan n² tana rabuwa da 3 ba saura, to n ma tana rabuwa da 3. Korewar sakamakon ita ce n ba ta rabuwa da 3, kuma wannan hali biyu ne: ko saura 1, ko saura 2. Dole a bi dukansu.

In n = 3k + 1, to n² = 9k² + 6k + 1 = 3(3k² + 2k) + 1. Saura 1.

In n = 3k + 2, to n² = 9k² + 12k + 4 = 3(3k² + 4k + 1) + 1. Nan ma saura 1.

A kowane hali n² ba ta rabu da 3 ba, hujja ta tsaya.

Wanda ya ga ta yi a 2 ta yi a 3 zai so ya ce ai haka take a kowace lamba. Jarraba 4. Halaye uku ne: saura 1, 2 ko 3. Na farko da na uku za su tafi lafiya. Amma in n = 4k + 2, sai n² = 16k² + 16k + 4 = 4(4k² + 4k + 1), wadda ke rabuwa da 4 sarai. Hujjar ta ƙi, kuma ta ƙi ne don maganar ƙarya ce. Ka sa k = 1, ka samu n = 6: 36 tana rabuwa da 4, amma 6 ba ta rabuwa. Wannan na cikin abin da ya sa nake ƙaunar dabarar nan. In maganar da aka ba ka ba gaskiya ba ce, wurin da ka maƙale yakan nuna maka lambar da ta ƙaryata ta. Wanda ya tsallake hali ɗaya don ya ga sauran sun yi, zai sa hannu a kan ƙarya bai sani ba.

Kada ka haɗa ta da hujjar cin karo

Akwai wata dabara mai kama da wannan, inda ake ɗauka cewa maganar ƙarya ce, a bi ta har a isa tufka da warwara. Bambancinsu a aikace shi ne: a juyin korewa abu ɗaya kake ɗauka, korewar sakamako, kuma ka san inda za ka, korewar sharaɗi. A hujjar cin karo kuwa kana ɗaukar sharaɗin da korewar sakamakon tare, kana tafiya har abu biyu su yi karo, ba ka san a ina ba tukuna.

Sanannen misalinta shi ne nuna cewa √2 ba ta rubutuwa a matsayin wata lambar ƙirga bisa wata, hujjar da Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya yi ishara da ita fiye da shekara 2300 da suka wuce. A ɗauka √2 = a/b, an kuma rage a da b har babu lambar da ke raba su duka sai 1. Sai a² = 2b², wato a² cika ce. A daidai nan ake buƙatar abin da muka tabbatar ɗazu: a cika ce. Rubuta a = 2c, sai 4c² = 2b², wato b² = 2c², don haka b ma cika ce. To ga a da b duka suna rabuwa da 2, bayan mun ce babu mai raba su. Ka ga ƙaramar maganarmu ta yi aiki sau biyu a cikin babbar hujja.

Ɗalibai da yawa sukan rubuta "a ɗauka akasin haka" a saman kowace hujja, su yi juyin korewa tsaf, sannan su rufe da "wannan cin karo ne". Ba kuskure ba ne, amma ni ina ganin ya fi kyau ka duba: in ba ka taɓa amfani da sharaɗin ba sai a layin ƙarshe, to juyin korewa ka yi, ka kira shi da sunansa. Hujjar takan fi tsabta, kuma kowane layi a cikinta gaskiya ne da za ka iya ɗauka ka yi wani aikin da shi.

Misali mai ɗan nauyi

Akwai lambobin da ba sa rabuwa da komai sai 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11. A Turance firam ake ce musu, ni zan ce gagara-rabo. Lamba 1 ba ta cikinsu. Yanzu ka ninka 2 da kanta sau n ka ɗebe ɗaya, wato 2ⁿ − 1. Ana kiran irin waɗannan da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Maganar ita ce: idan 2ⁿ − 1 gagara-rabo ce, to n ma gagara-rabo ce.

Dubi sharaɗin. "Ba ta rabuwa da komai" ba abu ne da za ka rubuta da haruffa ka yi aiki da shi ba. Korewar sakamakon kuwa tana miƙo maka abu a tafin hannu: n ba gagara-rabo ba ce. A kula, wannan ma hali biyu ne, kuma na farkon ne ake yawan mantawa. Ko dai n = 1, inda 2¹ − 1 = 1, wadda ba gagara-rabo ba ce, an gama da wannan. Ko kuma n = ab, inda a da b duk sun fi 1 kuma ba su kai n ba.

A hali na biyu, sa x = 2ᵃ, sai 2ⁿ ta zama xᵇ. Akwai ƙa'idar da za ka iya tabbatarwa da ninkawa kawai: xᵇ − 1 = (x − 1)(xᵇ⁻¹ + xᵇ⁻² + … + x + 1). In ka buɗe bakan, komai na tsakiya yana cinye juna, a bar na farko da na ƙarshe. Ke nan 2ᵃ − 1 tana raba 2ⁿ − 1 ba saura. Saura abu ɗaya da bai kamata a tsallake ba: a nuna wannan mai rabawar ba 1 ba ce, ba kuma lambar kanta ba ce. Tunda a ta kai 2, to 2ᵃ − 1 ta kai 3. Tunda a ba ta kai n ba, to 2ᵃ − 1 ba ta kai 2ⁿ − 1 ba. Don haka 2ⁿ − 1 ta rabu, ba gagara-rabo ba ce.

Taɓa shi da hannu: n = 6, a = 2, b = 3. Sai x = 4, kuma 63 = 3 × (16 + 4 + 1) = 3 × 21.

Masu farautar manyan lambobin gagara-rabo da kwamfuta da wannan suke rage wa kansu aiki, ba sa ɓata lokaci a kan n da ke rabuwa. Wadda aka gano a Oktoban 2024, wato 2 a ninke sau 136,279,841 a ɗebe ɗaya, tana da alƙaluma sama da miliyan 41, kuma 136,279,841 ɗin gagara-rabo ce kamar yadda hujjarmu ta wajabta.

Amma ka tuna da Basakkwacen nan. Abin da muka tabbatar bai ce duk n gagara-rabo tana haifar da gagara-rabo ba, wannan juyi ne tsura ba korewa. Za ka ga ya yi a 2, 3, 5 da 7, inda ake samun 3, 7, 31 da 127, har zuciya ta fara kwanciya. Sai a zo kan 11: 2¹¹ − 1 = 2047, kuma 2047 = 23 × 89.